Ait Bin Haddu: Garin Ƙasar da Ayari Ya Gina, Baƙi Ke Riƙe da Shi

Wanda ya tashi daga birnin Marakish na ƙasar Maroko da sassafe ya nufi kudu maso gabas zai yi awa uku zuwa huɗu mota na murɗawa da shi a kan duwatsun Atlas. Sai ta ratsa mashigar Tishka, mai tsayin sama da mita 2,200, sannan ta gangara wata ƙasa ja, busasshiya, wadda ba ka ganin kore sai a bakin rafi. Kafin a kai birnin Warzazat ake ratsewa hagu. Can a gindin wani tsauni, a gaɓar kogin Unila, kimanin kilomita 30 daga birnin, Ait Bin Haddu yake: gidajen ƙasa masu hawa-hawa, wani a kan kafaɗar wani, sun bi jikin tsaunin har sun kusa kai ƙololuwarsa, ga hasumiyoyi a kusurwoyi, ga ganuwa ta kewaye su. Larabawan Maroko na kiran irin wannan gari mai ganuwa ksar, Amazig, wato ƙabilar Barbar 'yan asalin wurin, kuma su ce igrem. Akwai irinsa da yawa a kwaruruwan Dara'a da Dadis da Ziz, amma wannan ne hotonsa ya cika duniya, shi ne kuma Hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1987.

Abu na farko da ɗan jagora zai gaya maka shi ne garin ya kusa shekara 1,000. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tunda ana danganta fara killace wurin da ƙarni na 11, zamanin daular Murabiɗun waɗanda suka kafa Marakish wajajen 1070. Sai dai masana gine-gine sun ce cikin abin da ke tsaye yau babu wanda ya wuce ƙarni na 17 a tsufa, da yawa ma ba su kai haka ba. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ba zai ga abin mamaki a nan ba. Katangar da kaka ya ɗora, uba ya yaɓe, ɗa ya rushe gefe ya sake tayarwa, wace shekara za ka ba ta? Tsarin ne tsoho, da hannun da ya iya aikin. Ita ƙasar kullum cikin sabuntawa take. Wannan kuwa shi ne asalin duk rikicin da ke tattare da garin a yau, domin gini irin wannan ba ya tsayuwa sai da mai kula da shi, kuma mai kula da shi tun fil azal shi ne mai kwana a cikinsa.

Me ya kawo gari a nan tun farko? Hanya. Duwatsun Atlas sun gitta tsakanin Marakish da sahara, mashigunsu kuma ƙidayayyu ne. Ɗaya daga cikin waɗanda fatake suka fi bi ita ce ta Talwat, wadda ke sauko da matafiyi kai tsaye cikin kwarin Unila. Daga nan ayari ya bi ta Warzazat ya faɗa kwarin Dara'a mai gonakin dabino, ya yi guzurin ƙarshe, ya shiga rairayi. A garin Zagura har yau akwai wani allo da baƙi ke ɗaukar hoto a gabansa, an rubuta cewa Tumbuktu tafiyar kwana 52 ce. Daga kudu ana hauro da zinariya, hauren giwa, gashin jimina da bayi. Daga arewa ana gangarar da yadi, tagulla, dawakai, makamai da littattafai. Gishiri kuma ana haƙo shi a tsakiyar hamada, a Tagaza, daga baya a Taudeni, a kai shi bakin kogin Kwara. 'Yan jagora kan yi saurin wuce maganar bayi, alhali jikokin waɗanda aka koro ta waɗannan hanyoyi na daga cikin mazauna kwaruruwan kudancin Maroko har gobe.

Ta kan Atlas da kwarin Dara'a ɗin nan ne rundunar Sarki Ahmad al-Mansur, ƙarƙashin Judar Basha, ta bi a ƙarshen 1590, ta ƙetare hamada da bindigogi, ta karya daular Songai a Tondibi a 1591. Bayan shekara uku aka kamo malaman Tumbuktu, cikinsu har da Ahmad Baba, aka kai su Marakish. A nan ne labarin ya ɗan taɓo mu, amma kada mu ƙara masa gishiri. Babbar hanyar Kano da Katsina zuwa arewa ba ta nan take ba, ta Agadas ce, zuwa Gat da Gadamas, ta ɓulle Tarabulus. Abin da ya faru shi ne rushewar Songai ta raunana kasuwar yamma, nauyin ciniki ya ƙara karkata gabas, wajen ƙasar Hausa da Barno.

Ait Bin Haddu ba babbar kasuwa ba ce kamar Sijilmasa ko Tumbuktu. Zango ne, wurin ruwa da harawa da kwana cikin aminci, mutanensa kuma manoma ne da makiyaya da ke cin ribar masu wucewa. To amma inda dukiya ke wucewa, nan ɓarawo ke kwana. Ƙarnuka da dama ikon sarkin Maroko bai cika kai wa bayan duwatsu ba, kowace ƙabila ita ke tsaron kanta, ana faɗa kan ruwa, kan makiyaya, kan kuɗin hanya. Idan ka riƙe wannan a zuciya kana hawan garin, komai zai fara yi maka bayani. Bayan gidajen gefe shi ne ya zama ganuwa, babu taga a ƙasa, waɗanda ke sama kuma 'yan tsukakku ne. Lunguna matsattsu, masu kwana-kwana, wasu an rufe samansu da ɗaki, ga inuwa ga rikita baƙon da ya shigo da mugun nufi. A can ƙoli akwai kangon rumbun gari, wanda suke kira agadir, inda iyalai ke ajiye hatsi da kaya masu daraja, wurin da ya fi ko'ina wuyar kaiwa. Ko gari ya faɗa hannun mahara, in rumbu ya tsira an tsira daga yunwa.

Manyan gidajen masu hasumiya a kusurwa huɗu, su ne ake kira kasba, na iyalai masu hali ne. Hawan ƙasa na dabbobi ne da ajiya, na sama madafa da ɗakuna, rufin soro kuma wurin shanya da kwanan bazara. Akwai masallaci, da dandali, da masaukin fatake, da masussuka a wajen ganuwa, da hubbaren wani waliyyi, Sidi Ali u Amar. Maƙabartu biyu ne, ta Musulmi da ta Yahudawa, domin Yahudawa sun daɗe a kudancin Maroko suna ƙira, musamman ta azurfa, da fatauci. Majalisar dattawa ke raba ruwan ban ruwa, ta tsara gadi, ta kira gayya idan ganuwa ko magudanar ruwa ta nemi gyara.

Yanzu ga aikin ginin kansa, wanda a ganina ya fi komai cancantar a tsaya a kalla, musamman ga Bahaushe. Namu magini kwaɓa ƙasa yake da ciyawa, ya mulmula tubali da hannu, ya shanya, ya jera yana cikewa da kwaɓi. Nasu ba haka yake fara ba. Bayan an shimfiɗa harsashi na duwatsu, sai a kafa alluna biyu na katako suna fuskantar juna, tsawonsu wajen mita 2, tsayinsu bai cika mita 1 ba, a ɗaure su da sanduna da igiya. Ƙasar ba a kwaɓa ta sharaf, ɗan danshi kawai ake ba ta, yadda in ka dunƙule ta a hannu za ta kama ba tare da ta ɗiga ba. Masu taya aiki na hauro da ita a kwanduna suna zubawa kaɗan-kaɗan, magini na tsaye a cikin akwatin da wani katako mai nauyi irin taɓarya, yana kirɓawa har sai ƙarar bugun ta canza, alamar ta daddale. Idan akwatin ya cika sai a kwance alluna nan take a matsa gaba. Ka duba jikin katangar da yaɓenta ya zube, za ka ga layin 'yan ramuka a jere, gurbin sandunan da suka riƙe allunan ne. Kaurin bangon ƙasa kan kai rabin mita ko fiye, yana raguwa yayin da ake yin sama, shi ya sa hasumiyoyin suke tsukewa a kai. A can sama ne ake komawa ga tubalin ƙasa na ma'auni, saboda ya fi sauƙin nauyi, kuma da shi ake fitar da adon nan na kusurwoyi da 'yan tagogin ƙarya da ke sa baƙi ɗaga kai. Rufi kuwa ɗan gida ne a wurinmu: itace a gicciye kamar azara, a shimfiɗa kara, a zuba ƙasa a daɓe, a fitar da indararo.

Amfanin wannan kauri a bayyane yake a wurin da bazara ke kusantar digiri 40, daren hunturu kuma ke kusantar daskarewar ruwa. Bango na shan zafin rana a hankali, ya sake shi cikin dare. Maƙiyinsa ɗaya ne, ruwa. Yankin ba ya samun ko kusa da ruwan da Kano ke samu a shekara, amma ɗan wanda ke zuwa kan zo a fusace. Indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta a soro, ya jiƙa kan bango, itacen rufi ya ruɓe, rufi ya rufta. Da zarar rufi ya tafi, bango ba ya daɗewa. Mai gida da ke ciki zai ga ɗigon farko ya hau da kwandon ƙasa ya toshe. Gidan da aka kulle aka tafi ba shi da wannan gatan. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, a nan maganar ba ta buƙatar fassara.

An kuwa bar shi, sannu a hankali, bisa dalilai da suka yi ta hawa kan juna. Tun ƙarni na 15 jiragen ruwan Turawan Fotugal suka fara janye zinariya zuwa bakin teku. Faransa ta kama Tumbuktu a 1894, ta ɗora wa Maroko mulkinta a 1912, cinikin bayi ya mutu, iyakoki suka datse hamada. Amma bugun da ya fi yi wa kwarin Unila illa na kusa ne: a shekarun 1920 zuwa 1930 Faransawa suka fasa hanyar mota ta Tishka, ta kauce wa Talwat da Unila gaba ɗaya. Garin da hanya ta haifa ya wayi gari ba ya kan hanya. Sannan zaman lafiya ya zo, shi ma ya yi nasa ɓarnar, domin in babu mahara, me zai sa mutum ya riƙa hawa tsauni da tulu a ka? Iyalan Galawi na Talwat, waɗanda suka yi arziki da gishiri da kuɗin hanya, suka kuma zama 'yan gaban goshin Faransa, tauraronsu ya faɗi da mutuwar Tuhami al-Galawi, Bashan Marakish, a 1956, shekarar da ƙasar ta sami 'yanci. Yahudawa suka kwashe a shekarun 1950 da 1960. Matasa suka tafi Kasablanka da Faransa neman kuɗi. Waɗanda suka rage suka ƙetare kogi suka gina sabon gari a fili, kusa da kwalta, inda makaranta da shaguna suke, inda daga baya lantarki da famfo suka iso.

Ni dai ban ga laifinsu ba. Kogin Unila yawancin shekara ɗan siriri ne, ana taka buhunan yashi da duwatsu a haye. In ya kawo kuwa sai a jira shi. Mace mai naƙuda ko yaro ɗan makaranta ba ruwansu da kyan hasumiya. Sai a 2011 aka yi gadar ƙafa, da fatan mutane za su koma, amma waɗanda ke kwana a tsohon garin har yanzu iyalai ne ƙalilan. Akwai wani abu mai ɗaure kai a nan: wannan ƙaura ita ce ta ceci kamannin garin. Da mutane sun zauna da kuɗin 'yan ci-rani a hannu, da tuni bulo da siminti da kwanon rufi sun shiga, kamar yadda suka shiga tsofaffin unguwannin Kano da Zariya.

To wa ke biyan kuɗin yaɓe yanzu? Gwamnati, masu fim, da masu yawon buɗe ido. Gwamnatin Maroko tana da cibiya ta musamman a Warzazat, CERKAS, mai kula da gine-ginen ƙasa na yankin Atlas, da ita ake gyaran masallaci, lunguna da kasbobi, ita ke sa ido kan kayan da ake aiki da su. Masu fim kuwa tun shekarun 1960 suka gano wurin, suna mai da shi Ƙudus yau, gobe wani birni na tatsuniya. A gindin garin aka kafa filin faɗa na fim ɗin Gladiator na 2000, an kuma ɗauki wani ɓangare na Game of Thrones a nan. Suna biyan haya, suna ɗaukar mutanen gari aikin cika fili da leburanci, wani lokaci su gyara abin da kyamara za ta gani. Sukan kuma bar tarkacensu: akwai ƙofa a gaban garin da baƙi ke ɗauka ta kakanni ce, alhali ta masu fim ce.

Sai baƙi, waɗanda su ne kasuwar kullum. Maroko ta karɓi masu ziyara sama da miliyan 17 a 2024, kuma kusan duk motar da ta ɗauko su daga Marakish zuwa rairayin Marzuga sai ta tsaya a nan. Gidajen da ke kan babban lungu sun koma shaguna: darduma, rawunan shuɗi, kayan azurfa, tsofaffin makullan katako. Za ka tarar da mai zane zaune a bakin ƙofa da 'yan kofuna a gabansa, ɗaya ruwan shayi mai sukari, ɗaya za'afaran, ɗaya shuni. Ya ja buroshi a kan farar takarda, kusan ba ka ganin komai. Sai ya kunna ɗan murhun gas, ya riƙa wulga takardar a saman wutar, sukarin ya fara ƙonewa, raƙuma da hasumiyoyi su fito ja-ja a gaban idonka. Dabara ce mai kyau, kuma da irinta ake ci da iyali.

Matsalar ita ce kuɗin baƙo yana bin idon baƙo. Fuskar garin da ke kallon kogi da lungun da ke kaiwa ƙoli suna shan gyara. Ratse ka shiga bayan gari, za ka ga rufi a rufte, bango ya narke ya koma tudu. Wani ɓangare na wannan matsalar gado ce, wadda ba sai an yi mana dogon bayaninta ba: gida ɗaya, magada sun fi a ƙirga, wasu a Marakish wasu a Turai, babu mai son kashe kuɗinsa a kan abin da ba nasa shi kaɗai ba, babu kuma mai yarda a sayar. Gayya ta yi rauni tunda babu majalisar da ke da ikon tilasta ta kamar da. Maginan da suka iya aikin suna tsufa, yaransu sun ga cewa kuɗi na wajen bulo. Ga kuma jarabar siminti. Mai shago na ganin in ya shafe bango da shi ya huta da yaɓe, alhali siminti ba ya barin ƙasa ta yi numfashi. Danshi ya taru a bayansa, bango ya ci kansa daga ciki, wata rana ɓawon ya ɓalle da rabin katanga. Shi ya sa ake hana shi a cikin ganuwa. A sabon garin kuwa, masaukan baƙi da yawa bulo ne aka shafa musu launin ƙasa.

Masu suka na cewa an mai da wurin dandalin wasan kwaikwayo, gari ba mutane. Masu kare shi na cewa ba don wannan kasuwa ba da yanzu babu abin da za a yi gardama a kai. Na fi karkata ga na biyun, amma da sharaɗi. Abin da ya kamata a auna nasarar wurin da shi ba yawan motocin da ke tsayawa ba ne, yawan matasan da suka koyi kirɓa ƙasa a tsakanin alluna ne, da yawan gidajen da hayaƙi ke tashi daga madafarsu. A Jenne ta ƙasar Mali, duk shekara gari ke fitowa ƙwansa da kwarkwatarsa a yaɓe babban masallaci, saboda a cikinsa suke salla. Tsohon garin Agadas, wanda UNESCO ta sa a jerinta a 2013, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsayin mita 27, cike yake da mutane, matsalarsa ta masu rai ce. Ait Bin Haddu ya rasa wannan, kuma kuɗi kaɗai ba ya maido shi, sai an kai ruwa da wuta da magudana cikin gidajen ta hanyar da ba za ta jiƙa bango ba, abin da ke da tsada da wuya.

Daren 8 ga Satumban 2023 ya ƙara wani nauyin. Girgizar ƙasa mai ƙarfin 6.8 ta afka wa yankin Alhauz a tsakiyar Atlas, ta kashe mutum sama da 2,900, ta rushe mafi yawan tsohon masallacin Tinmal na ƙarni na 12. Ait Bin Haddu yana nesa da cibiyar girgizar, bai rushe ba, amma an sami tsagewa da zubewar wasu sassa. Abin da ya biyo baya a ƙauyukan dutse ya fi wannan tasiri: mutane da yawa sun ɗora laifin mutuwar 'yan'uwansu a kan ginin ƙasa da dutse, suna neman kankare. Injiniyoyi na cewa ginin ƙasa da aka ɗaure da katako, aka kuma kula da shi, yana iya jurewa, kankaren da aka yi wa ha'inci ma kisa yake. Amma da wuya ka gaya wa wanda ya tono ɗansa daga ƙarƙashin rufin ƙasa wannan magana.

Ga mai niyyar zuwa, ko daga cikin masu zuwa ziyara Fas da ke da 'yan kwanaki a hannu, shawarata ita ce kada ya bi tsarin motocin da ke sauke mutane da tsakar rana su ba su awa ɗaya. A lokacin rana ta take, lunguna sun cushe, launin garin ya koɗe. Ya kwana a sabon gari, ya haye da hantsi ko bayan la'asar. Watannin Maris zuwa Mayu da Satumba zuwa Nuwamba sun fi daɗi, a hunturu ƙanƙara kan rufe Tishka. Ya sa takalmi mai riƙe ƙasa, domin hawan akwai tsakuwa. Wasu masu gidaje na karɓar 'yan dirhami su zagaya da kai ciki, kuma ya cancanta, don a nan ne za ka ga rufin kara da matsattsiyar matakala da baƙin hayaƙin madafa. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, musamman mata.

In da hali, a koma Marakish ta tsohuwar hanyar ayari, wadda yanzu an shimfiɗa mata kwalta. Tana bin kwarin Unila ta wuce Tamdagt, 'yan kilomitoci kaɗan a arewa, inda wata kasbar Galawi take rabi a tsaye rabi a zube, ta ratsa ƙauyukan ƙasa da ba su shiga jerin kowa ba, wasu da mutane wasu kango. Ƙarshenta Talwat, fadar Galawi, mai ɗakunan da aka ƙawata da tangaram da sassaƙen katakon al'ul a cikin ginin da ke zubewa tun bayan 1956, girgizar 2023 kuma ta ƙara masa rauni. Daga nan tafiyar kimanin kilomita 20 ce a koma kan babbar hanya kusa da Tishka.